Gwajin Maganin TGN1412

TGN1412 magani ne da kamfanin TeGenero na birnin Würzburg a Jamus ya haɗa domin cutar sankarar jini da ciwon sanyin gaɓoɓi. Aikinsa shi ne zaburar da wasu ƙwayoyin garkuwar jiki ta hanyar manne wa wani sinadari da ke jikinsu mai suna CD28. Kafin a kai ga mutane, an gwada shi a kan birai, ba su kuma nuna wata mummunar illa ba.

A ranar 13 ga Maris, 2006, kamfanin Parexel ya gudanar da gwajin farko a kan ɗan Adam a harabar asibitin Northwick Park da ke Landan. Maza takwas masu ƙoshin lafiya ne suka shiga. Shida aka yi wa allurar maganin, biyu kuma ta bogi. Abin da aka ba su bai wuce kashi 1 cikin 500 na adadin da birai suka jure ba. Duk da haka, cikin sa'o'i kaɗan garkuwar jikin dukan shidan ta tayar da mummunan kumburi, sassan jikinsu suka fara gazawa, aka garzaya da su sashen kulawa ta musamman. Babu wanda ya rasu, sai dai ɗaya ya rasa yatsun ƙafa da wasu na hannu.

Bincike daga baya ya gano cewa ƙwayoyin da suka haddasa kumburin suna ɗauke da CD28 a jikin mutum, amma ba sa ɗauke da shi a irin biran da aka yi amfani da su. A Disamban 2006, kwamitin Farfesa Gordon Duff ya gabatar da shawarwari 22 kan tsaurara irin wannan gwaji a Birtaniya.