Yatsan Wanzami da Ƙarin Ƙirjin Namiji

Tun zamanin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna a ribaɗin Tambuwal, har asibitin gwamnati ya iso kudancin Sakkwato, namijin da ya ji ƙululu a ƙarƙashin kan nononsa wurin wanzami yake nufa. Wasu na cewa duhun kai ne. Ban yarda ba. Wanzanci sana'a ce mai tsari, da Sarkin Askanta, ana gadonta daga uba zuwa ɗa, kuma tana da hanyarta ta gane ciwo. Wanzami zai ajiye zabira ya latsa wurin da yatsa, ya ji ko da zafi, ko yana motsi, ko ya nuna. In maruru ne ya tara mugunya, sai sakiya. In mataccen jini ake zargi, sai tsaga da ƙaho. Malamai ma ba a bar su a baya ba: Sarkin Musulmi Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, ya yi rubutu kan basir da ciwon ido, kuma da Bature Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, Bello ya nemi a turo masa likita daga Ingila.

Da likitan ya iso, da shi ma ƙululun nan ya gagare shi, domin shi ma yatsan ne abin aikinsa, yatsa kuwa ba ya raba ƙari marar illa da sankara tun tana ƙarama. Sai bayan da Virchow na Jamus ya kafa binciken ƙwayoyin jiki da madubin likita a 1858 aka samu abin da ke raba gardama. Duk da haka aikin bai zo da sauri ba. Akwai wani ƙari mai tauri, marar zafi, mai zamewa a ƙarƙashin fata, wanda aka fi gani a dattawan maza, da sai a 1987 Wargotz da Weiss da Norris a Amurka suka tabbatar cuta ce mai zaman kanta, bisa marasa lafiya 16 kacal.

Mai musu zai ce ai mutane da yawa sun warke a hannun wanzami. Gaskiya ne, amma a duba waɗanda suka warke. Yawancin kumburin nonon samari na lokacin balaga ne, kuma da kansa yake bajewa ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba. Maruru kuwa da zarar ya fashe an rabu da shi. Wanda nasa sankara ce, sai a ce daji ya kama shi ko jifa aka yi masa, ba a lissafa shi cikin kuren aska.

Wani zai ce abin da ba kasafai ake samu ba bai kai a ɗauko magidanci daga Kebbe zuwa Sakkwato, ga kuɗin mota ga kunyar buɗe ƙirji. Wannan hujja ta fi nauyi, sai dai kusan ɗaya cikin ɗari na masu sankarar nono maza ne, kuma tun farko ita da ƙarin nan kamarsu ɗaya. Sakiya tana ƙona naman da ya kamata a ɗiba, a saka a kwalbar magani, a kai ɗakin gwaji na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda ake yanka shi sala-sala, a rina, a ɗora a ƙarƙashin madubi.