Takardar Izinin Mai Dabba: Dokar Sayar Da Hoton Dabbobin Da Ke Tsare

Takardar izinin mai dukiya wata 'yar yarjejeniya ce da mamallakin abu ke sa wa hannu, cewa ya yarda a yi talla ko kasuwanci da hoton abin nasa. Abin zai iya zama gida, mota, zane ko dabba. Kasuwannin hotuna na intanet irin su Shutterstock, Getty Images, Adobe Stock da Alamy sukan nemi wannan takarda, kuma a can ne masu haɗa fostar fim da bangon waƙa ke sayo hoton zaki ko dawisu.

Me ya kawo dabba cikin maganar?

A idon doka, dabbar da ke hannun wani dukiya ce. Zakin gidan zoo yana da mai shi, haka dokin sukuwa da karen gida. Hoton dai naka ne tunda kai ka ɗauka, amma dabbar da wurin da take ba naka ba ne. Sannan gidajen zoo da yawa a duniya sun rubuta a sharuɗɗan shiga cewa hoto na amfanin kai ne kawai. Wato tikitinka kuɗin kallo ne, ba lasisin kasuwanci ba. Idan ka sayar da hoton, ka karya sharaɗin da ka shiga a kansa kenan.

Hoton labari da hoton talla

Kasuwannin nan sun raba hotuna gida biyu. Na farko shi ne na labari, wanda jarida ko littafin makaranta ke sakawa don bayani, kuma galibi ba ya buƙatar takarda. Na biyu shi ne na talla: allon titi, kwalin kaya, riga, fostar fim. A nan ne ake neman izini. Hoton da aka yi wa tambarin labari kawai, ko da kuɗinka ka saya, bai halatta ka ɗora shi a fostar sabon fim ɗinka ba.

Yaushe ake nemanta?

Babbar tambayar ita ce, za a iya gane dabbar ko wurin? Akuya a kan titi ba wanda zai ce ga mai ita. Amma idan keji ya fito, ko allon gidan zoo, ko shaidar da ke jikin doki, to magana ta canza. Dabbar daji kuwa ba ta da mai sa hannu, sai dai wuraren ajiyar namun daji suna da nasu ƙa'idojin ɗaukar fim.

Inda abin ya fi tsauri shi ne dabbobin da suka yi suna, don su ma taurari ne kamar jaruman fim. Knut, ɗan farin beyar da aka haifa a gidan zoo na Balin a ƙarshen 2006, sai da gidan ya yi wa sunansa rajistar kasuwanci a 2007. Moo Deng, 'yar dorinar nan ta Tailan da ta karaɗe TikTok a 2024, ita ma gidan zoo ɗinta ya nemi a yi wa sunanta rajista. Kyanwar nan mai ɗaure fuska, Grumpy Cat, har kotu aka je kanta. A 2018 wata kotu a Kalifoniya ta ba masu ita diyyar sama da dala 700,000, saboda wani kamfanin kofi ya wuce iyakar izinin da aka ba shi.

Abin da takardar ke ƙunsa

Akwai sunan mai hoto da na mai dabba, bayanin dabbar, wuri da ranar ɗauka, da sa hannu. Galibi ana maƙala ɗan hoton dabbar a jiki, wasu kuma suna son shaida. Mai sa hannu dole ya zama mamallaki ko jami'in da hukumar wurin ta ba iko. Mai ba dabba abinci ya ce maka "ba komai, ɗauka kawai" ba izini ba ne fa. Idan kuma fuskar mutum ta fito a hoton, shi ma tasa takardar daban ce.

Ga masu shirin bidiyon waƙa

Ko a gidan zoo na Kano za ku yi aiki, ko dokin wani za ku ara, ku fara zuwa wajen mai iko, ku faɗi abin da za ku yi da hoton, a rubuta a sa hannu kafin a kunna kyamara. Mai sayen hoto a intanet kuma ya duba bayanin da ke ƙarƙashinsa, don a nan ake nuna ko na labari ne ko na talla. Gara ka ɓata minti biyu wajen karatu da a ce ka cire fostar da ta riga ta zagaya gari.