Jiziya da Amana a Ƙasar Zazzau

Masana da dama suna ganin sunan nan Maguzawa ya samo asali ne daga kalmar Larabci Majusu, watau masu bautar wuta na ƙasar Farisa. Wannan suna ba laƙabi ne kawai ba, matsayi ne a shari'a. Annabi (S.A.W.) ya karɓi jiziya daga Majusawan Hajar, kuma mazhabar Malikiyya ta halatta a karɓe ta daga wanda ba Ahlul Kitabi ba. Saboda haka da malamai suka kira Bahaushen da bai musulunta ba Bamaguje, sun ba shi hurumin zama cikin amana.

Ƙa'idar a fili take. Namiji baligi, ɗa, mai hali, shi ke biya. An ɗauke wa mata da yara da bayi da matalauta. Wanda ya biya kuwa, jininsa da dukiyarsa sun haramta, ba a bautar da shi, ba a tilasta masa barin addininsa.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya soki sarakunan Haɓe a kan jangali da kuɗin gari, domin shari'a ba ta san su ba. Da Malam Musa ya ci birnin Zariya a 1808, Sarki Makau ya gudu Zuba, sai aka sa rai zakka da jiziya za su maye gurbinsu. Amma mulki yana da ci. Jangali da kuɗin ƙasa suka ci gaba, har a kan Musulmi.

Amanar ma ba iri ɗaya ba ce. Maguzawan arewacin Zazzau sun yi zamansu suna noma ƙarƙashin shugabanninsu. A kudu kuwa, wasu al'ummu da suka yi amana da bayi suke biya, waɗanda suka ƙi kuma a kai musu hari. A nan abin da aka shar'anta don kare mutum daga bauta ya zama hanyar samun bayi.

Turawa suka kama Zariya a 1902, dokar Lugga ta 1906 kuma ta haɗe kuɗaɗen nan, ban da jangali, suka zama haraji guda, Musulmi da Bamaguje kowa ya biya. Shi ne harajin da Gwamna Balarabe Musa ya soke a Jihar Kaduna a 1979. Tambayar da jiziya ta bari kuwa tana gaban duk wani mai karɓar kuɗin talakawa: me mai biya ya samu a madadin abin da ya bayar?