Daga Igiya Zuwa Allurar Barci: Waiwaye a Kan Jinyar Doki a Ƙasar Katagum

Gabatarwa

Duk wanda ya kalli hawan salla a Azare ya san doki yana da daraja a ƙasar Katagum. A wannan maƙala za mu waiwayi wani ɓangare na tarihinsa wanda ba a faye kula da shi ba, wato yadda ake kwantar da shi domin a yi masa aiki.

Doki a Tarihin Katagum

Malam Zaki ne ya kafa masarautar Katagum a farkon ƙarni na 19, a kan iyakar Daular Usmaniyya da Barno. Ƙasar da ke bakin iyaka kuwa ba ta da garkuwar da ta wuce mahaya. Baturen nan Clapperton, wanda ya sauka Katagum a 1824, ya rubuta cewa tana iya fitar da mahaya 4,000 da dakaru 20,000. Da aka mayar da fadar Azare a 1916 yaƙi ya riga ya ƙare, amma barga ba ta mutu ba.

A wancan zamani, idan doki ya yi raunin da ke bukatar sakiya ko lalas, dabarar ƙasar Hausa ita ce a ɗaure ƙafafunsa da igiya, ƙarti su kayar da shi su danne, yana ji yana gani.

Zuwan Maganin Barci

Ilmin likitancin dabbobi na zamani ya kafu a Arewa da cibiyar Vom a 1924, sannan tsangayarsa a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, a 1964. A Turai kuma, daga 1956 aka fara amfani da iskar halotan, wadda ake shaƙa wa majinyaci ya yi barci. Sai aka ɗauka wahalar doki ta ƙare.

Ashe da sauran rina a kaba. Binciken Polly Taylor a Ingila a 1989 ya nuna cewa dokin da aka shaƙa wa halotan, ko ba a taɓa shi da wuƙa ba, sinadarin kotisol yakan ƙaru a jininsa. Wannan sinadari daga wasu ƙullutai da ke saman ƙoda yake fitowa, kuma jiki yakan sake shi ne idan ya shiga matsi. Wato doki yana barci, amma jikinsa a firgice yake.

Haka kuma iskar tana raunana bugun zuciya, matsin jini ya faɗi. Doki kuwa dabba ce mai nauyi: idan ya daɗe kwance, nauyinsa yakan toshe wa tsokar da ke ƙasa jini, ya farka ya kasa miƙewa. Shi ya sa likitoci ke tsare matsin jininsa a kan awo 70 ko fiye, da ƙarin ruwa da maganin dobutamin. Wani babban bincike da aka buga a 2002 ya gano cewa kusan doki 1 cikin 100 yake mutuwa cikin mako guda bayan irin wannan barci, ban da masu ciwon ciki.

Kammalawa

Igiya ta ba allura wuri, zafin wuƙa ya kau, amma haɗarin kwantar da doki yana nan. Saboda haka masu barga a Azare da kewaye, kafin su miƙa ingarmansu ga mai allura, ya kamata su tambaya: wa zai tsaya a kan bugun jininsa har ya tashi? Ba a fafe gora ranar tafiya.