Yadda Ceton Rai Ya Fita Daga Asibiti

Koyar da mutanen gari yadda ake farfaɗo da wanda numfashinsa ya ɗauke ya faro ne a bakin ruwa. A 1767 wasu mazauna Amsterdam, birnin da magudanan ruwa suka ratsa ta ko'ina, suka kafa ƙungiyar ceton waɗanda suka nutse, Landan kuma ta bi sahu a 1774. Cikin shawarwarin wancan zamani akwai ɗumama jikin mutum da hura masa iska a baki, akwai kuma busa masa hayaƙin taba ta dubura, wanda aka daɗe ana yi kafin a gane aikin banza ne.

Karatu a aji ya zo da ƙungiyar St John Ambulance, wadda aka kafa a Ingila a 1877. Shekara guda bayan haka wani likitan soja, Peter Shepherd, ya fara koya wa farar hula taimakon gaggawa a Woolwich. 'Yan sanda da ma'aikatan jirgin ƙasa da masu haƙar kwal suka koyi tsayar da jini da ɗaure karaya. Ta fuskar numfashi kuwa, ɗaga hannuwan majinyaci da sauke su aka yi ta koyarwa shekara da shekaru, alhali iskar da ke shiga huhu ta wannan hanya ba ta taka kara ta karya ba.

Likitoci biyu, James Elam da Peter Safar, suka tabbatar da haka a shekarun 1950. A Baltimore, Safar ya yi wa 'yan sa-kai allurar da ke tsayar da numfashi, sannan ya sa mutanen da ba su taɓa karatun likita ba, har da yara 'yan sikawut, su hura musu iska baki da baki. Gwajin akwai ganganci, amma ya kashe gardama. A 1960 masu bincike uku a asibitin Johns Hopkins suka nuna cewa danna ƙirji da hannu yana zagaya da jini. Kafin nan sai an tsaga ƙirjin an matsa zuciya. A wannan shekarar Asmund Laerdal, mai ƙera kayan wasan yara a Norwe, ya fitar da mutum-mutumin roba don ɗalibai su gwada a kansa.

Duk da haka, da farko an bar danna ƙirji a hannun ma'aikatan lafiya, don gudun kada ɗan koyo ya karya haƙarƙari. Sai dai ƙwaƙwalwa na fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida babu iska, motar asibiti kuma ba kasafai take isowa cikin wannan lokaci ba. Wannan ya sa Dakta Leonard Cobb ya buɗe koyarwar ga jama'ar birnin Seattle a 1972. A 2008 Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka ta amince cewa idan babban mutum ya yanke jiki ya faɗi, wanda ke kusa ya kira agaji ya shiga danna tsakiyar ƙirji ko da bai hura iska ba. Ƙa'idar yau ita ce danni 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6.