Tarihin Gwajin Sankarar Bakin Mahaifa da Rabon Tsofaffin Mata

A cikin shekarar 1928 ne wani likita mutumin Girka, George Papanicolaou, wanda yake aiki a Jami'ar Cornell ta Amurka, ya bayyana cewa ana iya gane sankarar mahaifa idan aka lakato ɗan danshi daga gaban mace aka duba shi a madubin likita. Likitocin zamanin ba su ba maganarsa muhimmanci ba sai bayan 1943, sa'ad da shi da Herbert Traut suka wallafa littafi a kan wannan hanya. Daga nan ƙasashe da dama suka rungume ta, mace-macen da cutar take haddasawa kuwa suka ragu ƙwarai.

Amma fa wannan nasara ba ta game kowa ba. Galibin ƙasashe sun yanka wa gwajin iyakar shekaru. Ingila, alal misali, da ta kafa tsarin gayyatar mata a 1988, ta tsaya a kan 'yan shekara 64, alhali cutar ba ta san wannan iyaka ba. Har ila yau akwai cikas daga halitta: idan haila ta ɗauke wa mace, wurin da sankarar take tsirowa yakan janye can cikin bakin mahaifa, inda abin lakato ba ya kaiwa sosai, idon likita kuma ba ya gani.

Mafita ta ɓullo ne daga Jamus. A 1983 Harald zur Hausen da abokan aikinsa suka gano wani nau'i na ƙwayar cutar HPV a cikin tsiron sankarar, binciken da ya jawo masa lambar Nobel a 2008. Gwajin neman ƙwayar ya fi na Papanicolaou kaifi, kuma mace tana iya ɗibar danshin da hannunta. Saboda haka a 2017 Ostareliya ta koma ga wannan gwaji har zuwa 'yan shekara 74, Denmak kuwa ta gayyaci duk matan da aka haifa kafin 1948 su yi shi sau ɗaya.

A 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV. Allurar ta jikoki ce, ba ta kakanni ba. Abin da ya rage wa dattijuwa shi ne gwaji, da sanin cewa jinin da ya dawo bayan ɗaukewar haila ba abin ɓoyewa ba ne, na hanzarta zuwa asibiti ne.