Wasannin Kama Halittu: Ina Iyakar Kamanni, Ina Farkon Satar Fasaha?

Wasannin kama halittu wani rukuni ne na wasannin bidiyo, ko gem kamar yadda matasa ke cewa. A cikinsu mai wasa yana yawo cikin daji ko gari, ya kama wasu halittu na ƙage, ya horar da su, sannan ya haɗa su faɗa da na wani. Wanda ya fi shahara shi ne Pokémon. Duk wanda ya leƙa shagunan gem a Banex Plaza da ke Wuse II a Abuja, ko Computer Village ta Ikeja, ko ya duba wayarsa kawai, zai ga wasanni da yawa masu kama da juna. Shi ya sa ake yawan musu: wa ya kwaikwayi wa?

Asalinsu

Pokémon ya fito a Japan ranar 27 ga Fabrairu 1996 a na'urar Game Boy, da halittu 151. Satoshi Tajiri na kamfanin Game Freak ne ya kawo tunanin, daga sha'awar kama ƙwari da yake yi yana yaro. Amma ba shi ne farau ba. Tun 1987 wasan Megami Tensei ya ba mai wasa damar shawo kan aljanu su koma ɓangarensa. A 1992 kuma Dragon Quest V ya bari dodannin da aka doke su bi mai wasa. Ke nan shi ma Pokémon ya tarar da hanya ne, ya gyara ta.

Bayansa sai ga Digimon na kamfanin Bandai a 1997, da Monster Rancher a wannan shekarar, da Dragon Quest Monsters a 1998. Yo-kai Watch ya zo a 2013, Temtem daga Sifen a 2020, Cassette Beasts daga Ingila a 2023.

Abin da ya haɗa su

Kusan duka suna da abubuwa huɗu: kamawa, horarwa, rikiɗa daga ƙaramar siffa zuwa babba, da tsarin rinjaye, misali ruwa ya kashe wuta, wuta ta cinye ciyawa. Wannan kamannin ba laifi ba ne. In ka shiga kara a Dei-Dei, kowace saniya tana da tozo da kofato, amma ɗan kasuwa bai taɓa rikita Bunaji da Rahaji ba, kuma shaidar da ke jikin dabba ita ke nuna mai ita. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne.

Abin da doka ke karewa

Kariya iri uku ce. Haƙƙin mallaka yana kare zane, kiɗa, labari da rubutun manhaja, amma ba ya kare tunani. Ba wanda ya mallaki tunanin kama halitta a horar da ita, sai dai siffar Pikachu tana da mai ita. Tambarin kasuwanci yana kare suna da alama. Na ukun ita ce rajistar ƙirƙira, wadda ke kare wata takamaimiyar dabarar aiki na wani lokaci, galibi shekara 20.

A Najeriya, Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka mai hedikwata a Abuja ce ke kula da na farko, ƙarƙashin dokar 2022 da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023. Rajistar tambari da ta ƙirƙira kuwa suna ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari, ita ma a Abuja.

Shari'o'i biyu

Na farko a China ne. Wasu kamfanoni sun fitar da wasan waya mai suna Pocket Monster Reissue, ɗauke da halittun Pokémon kusan yadda suke. A 2024 aka sanar cewa wata kotu a Shenzhen ta yanke diyyar yuwan miliyan 107. Wannan kwafi ne ƙarara.

Na biyun ya fi sarƙaƙiya. Ranar 19 ga Janairu 2024 wani ƙaramin kamfanin Japan, Pocketpair, ya fitar da Palworld, wanda cikin kwana shida aka sayi kwafi miliyan 8. Jama'a suka yi masa laƙabi da Pokémon mai bindiga, domin wasu halittunsa sun yi kama da na Pokémon sosai, ko da yake a nan ana gina sansani, ana sa halittun noma da aikin masana'anta. Ranar 18 ga Satumba 2024 Nintendo da The Pokémon Company suka kai ƙara wata kotu a Tokyo. Abin lura, ba kan zanen halittun suka yi ƙara ba, kan rajistar ƙirƙira guda uku ne, ciki har da dabarar jefa ƙwallo a kama halitta da ta hawa bayanta. Pocketpair ya bayyana cewa kowane kamfani na neman yen miliyan 5, tare da a dakatar da wasan. Ya musanta zargin, amma daga baya ya sauya yadda ake kiran halitta fili da yadda ake shawagi da ita.

Darasi ga namu matasa

Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce gare mu. An daɗe ana yi wa Kannywood gorin kwaikwayon finafinan Indiya, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce a kai. Yanzu da yaranmu a Sabo ta Ibadan, da Agege, da Ama Hausa ta Owerri ke koyon haɗa manhaja, ga kuma kamfanoni irin su Maliyo Games na Legas suna yin wasanni da labaran gida, tambayar za ta iso ƙofarmu. Matashin da ya sauya wa Pikachu launi ya saka a kasuwar manhaja, ana iya sauke wasansa, wahalarsa ta tashi a banza.

Yo-kai Watch bai nemi shiga rigar Pokémon ba. Ya koma ga iskokin tatsuniyoyin Japan ne, kuma ya karɓu ƙwarai a can. Mu ma muna da Gizo da Ƙoƙi, da Dodo, da 'yan ruwa, da macijin rijiyar Kusugu a Daura. Tsarin kamawa da horarwa na kowa ne. Wanda ya zana nasa halittun, ya ba su suna da hali daga abin da ya ji a bakin kakarsa, ya kuma binciki rajistar da ke akwai kafin ya fitar da wasa waje, to nasa nasa ne.